Daga Kujama zuwa tafkin Jabi: Abin dubawa kafin ma'aikaci ya shiga kulob ɗin jiragen ruwa

Da la'asar ɗin Asabar, idan rana ta yi sanyi, gefen tafkin Jabi da ke Abuja yakan cika da jama'a. Ƙananan jiragen ruwa masu inji suna yanka ruwa suna komowa, yara suna ɗaga wa na ciki hannu, manya kuma suna zaune a inuwa ana hira. A irin wannan zama ne akan tuntuɓi sabon zuwa, wanda bai daɗe da samun ƙarin girma ko muƙamin hadimi ba, a ce masa lokaci ya yi da zai nemi kulob. Masu ba da shawarar sukan ce a ofis fayil ake gani, a kulob kuwa ake ganin mutum.

Shawarar tana da gaskiyarta. Abuja gari ne na baƙi, kuma ma'aikacin da ya bar majalisar ƙofar gidansu a Kujama, ko Zonkwa, ko Kafanchan, yakan shekara biyu a Kubwa ko Lugbe bai san sunan maƙwabcinsa ba. Yana bukatar wurin zama da mutane. Idan kuma wurin ya haɗa da ruwa da jirgi, da alkawarin cewa katin zama ɗan kulob zai buɗe masa ƙofa a Legas ko Fatakwal duk lokacin da aiki ya kai shi, to tayin yana da daɗin ji. Sai dai kuɗin da ake nema ba kaɗan ba ne, ruwa kuma ba ya wasa da wanda bai san shi ba. Akwai kuma abu na uku da ba a cika ambata ba a lokacin tayin, wato abin da doka ta ce game da wanda ya biya wa ma'aikacin gwamnati kuɗin shiga.

Mutanen tudu da ruwansu

Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun, gari ne na tudu. Tana kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Sabon Tasha da Maraban Rido, ta wuce Kasuwan Magani da Kajuru, ta nufi Kachia da Zonkwa har Kafanchan. Wanda ya tashi a wannan yanki ya san gona da kasuwa da tashar mota. Ɗan Kafanchan kuma ya san jirgin ƙasa, domin garinsu ya zama mahaɗar layin dogo tun cikin shekarun 1920. Jirgin ruwa na shaƙatawa bai shiga cikin tarbiyyarsu ba. Ruwa a wurinsu abin tsallakewa ne da damina, abin ban ruwan lambu ne da rani, abin da uwa ke gargaɗin yaro a kansa ne.

Amma yankin ba matalaucin ruwa ba ne. Kogin Kaduna, wanda ya samo asali daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar kafin ya gangara Jihar Neja ya haɗu da kogin Kwara daura da Patigi. Kusa da Kafanchan akwai ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse. Sannan akwai madatsar Gurara a wajejen Jere da Kagarko, wadda ke riƙe da ruwa kimanin mita miliyan 880 a ma'aunin cikin tafki, kuma daga cikinta ne wani ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 ke kai ruwa madatsar Usuma da ke shayar da Abuja. Ma'aikacin da ya buɗe famfo a gidansa na Gwarimpa, ba mamaki ruwan kudancin Kaduna yake sha bai sani ba.

Abin da yankin bai saba da shi ba shi ne ƙungiyar da ke taruwa domin tuƙa jirgi don nishaɗi. Saboda haka ɗan Kujama da ke son shiga irin wannan harka a wani gari zai yi zaɓi, kuma zai yi shi ne ba tare da gadon sani daga iyaye ba. Shi ya sa ya dace ya fara da fahimtar abin da ake sayar masa.

Mene ne kulob ɗin jirgi tun asali?

Al'adar ta Turawa ce. Kulob ɗin da ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a duniya shi ne na Cork a ƙasar Ailan, wanda aka kafa a 1720. A Najeriya, Lagos Yacht Club ya fara a 1932, zamanin mulkin mallaka, sai Lagos Motor Boat Club na unguwar Ikoyi ya biyo baya a 1950. Sunayen biyu suna nuna bambancin da ya kamata mai nema ya riƙe. Na farko na jiragen da iska ke turawa ne, masu ƙaton ƙyalle a jikin doguwar sanda. Na biyu na masu inji ne. Jirgin iska yana bukatar koyo da haƙuri, domin ba ya tafiya kai tsaye zuwa inda iskar ke fitowa. Sai matuƙi ya riƙa karkata dama da hagu yana cin tafiyar a gicciye. Jirgin inji kuwa mai yake sha, kuma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi ga aljihun mai albashi.

Irin waɗannan kulob-kulob suna yin aiki biyu. Na farko shi ne zumunci: wurin cin abinci, tseren ƙarshen mako, koyar da yara, taron shekara inda ake zaɓen shugaba, wanda akan yi wa laƙabin sojan ruwa na Kwamodo. Na biyu shi ne masauki ga matafiyi. Matuƙin da ya fito daga wani gari yakan samu inda zai ɗaure jirginsa, ya sha ruwa, ya yi wanka, ya sayi mai, ya samu makaniki, ya ji labarin inda duwatsu suke a gaba. Domin haka ne kulob-kulob ke ƙulla yarjejeniya tsakaninsu: ɗan wannan kulob idan ya je wancan da takardar gabatarwa daga sakatarensa, a karɓe shi kamar ɗan gida na wasu kwanaki.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, ko da yake shi a tudu ya yi nasa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su kwana a daji ba sai dole. Suna da zango, suna da maigidan da ke sauke su, ya adana kayansu, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Darajar maigida ba ta girman zaurensa ba ce; tana ga yadda yake fita kunyar baƙonsa da yadda sunansa ke buɗe ƙofa a zango na gaba. Wanda ya riƙe wannan ma'auni ya riga ya san rabin abin da zai tambaya a ofishin kowane kulob.

Ruwan da ba ya kai mutum ko'ina

A nan ne maganar masauki ke bukatar gaskiya. A Legas, jirgi yana iya tashi daga Ikoyi ya bi ta tashar ruwa ya isa Tarkwa Bay, ko ya bi ta rafuffukan gaɓar teku ya nufi Badagiri. Tafiya ce ta haƙiƙa, mai mafari da zango da mafita. Tafkin Jabi kuwa tafki ne da aka haƙa aka tare; duk inda jirgi ya nufa, gaɓar Jabi zai tarar. Haka madatsar Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi a kan hanyar Kaduna zuwa Jos, haka Gurara, haka Tiga a Jihar Kano. Kogin Kaduna da kansa yana da duwatsu, yana janyewa ƙwarai da rani, kuma madatsun Shiroro da Zungeru sun tare shi a Jihar Neja. Babu wanda zai ɗaure jirgi a bayan Gamji Gate ya ce gobe zai kwana Lakwaja.

Ko a kan kogin Kwara, inda aka ƙaddamar da aikin yashe daga Warri zuwa Baro a 2009, aka kuma buɗe tashar Baro a watan Janairun 2019, zirga-zirgar da aka yi fata ba ta kankama ba. Jiragen da ke bin kogin yau na masu fito ne da 'yan kasuwa da masunta, ba na masu yawon buɗe ido ba.

Ma'anar wannan ga ma'aikacin Abuja ita ce, a arewa, mutum ne ke tafiya, jirgi yana zaune. Idan jirgin zai sauya ruwa, a kan ƙaramar tirela za a ɗora shi, mota ta ja shi bisa kwalta, ta tsaya a kowane shingen bincike. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce ko kulob yana da wurin ɗaure jirgin baƙo ba. Tambayar ita ce ko yana da jiragen kansa da 'yan kulob ke ara ko haya, da kuma ko yarjejeniyarsa da takwarorinsa a rubuce take. Mai nema ya roƙi ganin jerin kulob-kulob ɗin da aka ƙulla da su, ya kuma buga waya ga ɗaya daga ciki ya tabbatar. Sau da yawa yarjejeniyar da ake tinƙaho da ita ta tsufa, waɗanda suka sa mata hannu sun yi ritaya, mai gadin can kuma bai taɓa jin sunan kulob ɗin nan ba.

Sayen jirgi tun da fari, ga wanda bai iya tuƙi ba, yana cikin manyan kurakuran sabon shiga. Jirgin da ke ajiye ma kuɗi yake ci: kuɗin wurin ajiya, fenti, batir, injin da ke lalacewa idan an bar shi bai motsa ba.

Yadda ake gane kulob ɗin ruwa da gidan abinci mai kallon ruwa

Kalmar kulob ta yi arha. Wurare da dama a Abuja da Kaduna suna ɗauke da ita alhali gidajen cin abinci ne da shaƙatawa, waɗanda kowa ke shiga ya biya ya fita. Wannan ba laifi ba ne, kuma ga mai son ya kai iyalinsa su zaga tafki sau biyu a shekara, ya ma fi sauƙi. A Jabi akwai wurin da ake kira Jabi Boat Club, wanda ya haɗa cin abinci da hawan jirgi, kuma mazauna birnin da yawa a can suka fara taka jirgin ruwa. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san wanne yake biya wa kuɗi: kasuwancin wani, ko ƙungiyar da yake da ƙuri'a a cikinta. Ƙungiyar 'yan kulob tana da kundin tsarin mulki, tana da amintattu masu rajista, tana karanta lissafin kuɗinta a gaban taron shekara. Wanda aka hana shi ganin kundin kafin ya biya, an riga an ba shi amsa.

Bayan takarda, sai gaɓa. Mai nema ya bar falo da sanyin na'ura, ya zaga baya inda ake tura jirage cikin ruwa. Akwai gangaren siminti mai kyau, ko taɓo ne? Akwai jirgin ceto da ke cikin ruwa da mai a tankinsa da matuƙi a kusa, ko yana kan tayoyi an lulluɓe shi da tamfol? Akwai littafin da ake rubuta sunan duk wanda ya fita da lokacin da ya ce zai dawo, kuma akwai wanda ke duba littafin idan magariba ta yi? Rigunan kariya suna nan da girma daban-daban har da na yara, ko guda biyar ne da rana ta cinye, masu tsinkakken maɗauri? Ana tilasta wa babban mutum ya sa rigar kamar yadda ake tilasta wa direbansa?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'aunin gaskiya a ƙasar da ake jin nauyin manya. Ruwa bai san matakin albashi ba.

Ba a bukatar tunatar da mai karatu abin da sakaci ke haifarwa. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a kan madatsar Watari ta Jihar Kano ya kife, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023, fiye da mutum 100 'yan ɗaurin aure suka rasu a kogin Kwara a yankin Patigi. Waɗannan jiragen fito ne na talakawa, ba na nishaɗi ba, amma dalilan da akan ambata bayan kowane hatsari iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa. Kuma Watari madatsa ce, ruwa ne kwance mai kama da wanda ba ya cutarwa, irin wanda masu shaƙatawa ke rainawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, tana da dokar sufurin ruwa ta 2023 da ta wajabta sa rigar kariya, ta hana tafiyar dare da cika lodi, ta kuma bukaci rajistar jirage. Kulob na kirki ba ya jiran jami'in hukuma ya zo kafin ya bi waɗannan.

Sai iska. Da hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas, sau da yawa da ƙarfi da hantsi, tare da hazon da ke rage gani. Da damina takan juyo daga kudu maso yamma. Mafi hatsari ita ce guguwar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas cikin 'yan mintoci, ta kwantar da bishiya ta yaye rufi. Kowane manomi a Kujama ya san alamarta a sararin sama. Abin da bai sani ba shi ne yadda take yi wa ƙaramin jirgi mai buɗaɗɗen ƙyalle a tsakiyar tafki. Kulob ɗin da ke koyar da tuƙi da gaske yana fara wa ɗalibi da darasin kifewa: a kifar da jirgin da gangan kusa da gaɓa, a nuna masa yadda zai tayar da shi ya koma ciki. Kafin wannan ma akwai iyo. Iya ruwa fid da kai, in ji masu magana, kuma ba abin kunya ba ne darakta mai shekara hamsin ya shiga ajin koyon iyo.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ruwan madatsu mai kwanciya yakan tara ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Mai yara ya tambaya ko ana barin su su yi wanka a gefen ruwan, da kuma ko akwai wurin wanka da sabulu bayan an fito.

Masu ruwan tun farko

Duk ruwan da ɗan birni zai ɗora jirginsa a kai yana da masu shi. Akwai masunta da suka kafa taru da birgi tun da asuba, akwai masu fito, akwai Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi da ke sasanta su. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ba a shiga Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma tseren kwale-kwale yana cikin shagulgulan bikin. Yawuri na da Rigata, Patigi na da nata bikin tseren jirage. Ashe tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ke da farinta: gasar jirgi da zumuncin bakin ruwa ba Turawa suka kawo su arewa ba, sun dai kawo musu katin shaida da kuɗin shekara.

Wannan yana da amfani a aikace. Jirgin inji guda ɗaya yana iya yayyaga tarun da masunci ya yi wata uku yana tara kuɗinsa, igiyar ruwan da yake tayarwa kuma tana iya kifar da kwale-kwalen da ke ɗauke da mata da kayan miya. Kulob ɗin da ya je ya gaida Sarkin Ruwa, aka shata masa inda zai bi da lokacin da zai bi, yake kuma ɗaukar 'ya'yan masunta aikin tuƙi da ceto, ya sayi zaman lafiya da tsaro a lokaci guda. Idan jirgi ya kife a nesa da gaɓa, wanda ke fara isa wurin kusan kullum mai kwale-kwale ne. Mai nema ya tsaya ya yi hira da matuƙan kulob ɗin: daga ina suke, shekara nawa suka yi a ruwan, ana biyan su a kan lokaci? Amsarsu ta fi ta takardar talla.

Su wa ke zaune a teburin?

A ɓangaren zumunci, kowane kulob yana da halinsa, kuma ba a gane shi sai an zauna. Wani na 'yan kasuwa ne, wani na tsofaffin sojoji, wani na baƙi 'yan ƙasashen waje, wani kuma ofis ne da ya sauya tufafi, inda ƙaramin ma'aikaci zai miƙe tsaye duk lokacin da babban sakatare ya shigo. Wanda ya je hutawa ya tarar da kansa yana riƙe wa maigidansa jaka ranar Lahadi bai huta ba.

Akwai tambayoyin da mutanen arewa ke jin nauyin yi, alhali su ne ke yanke hukunci daga baya. Ina matsayin giya a wurin: a gefe take, ko ita ce cibiyar zaman? Akwai wurin salla mai tsabta? Ana sa tsere a lokacin da Kirista ke coci, ko a lokacin sallar Juma'a? Mace ma'aikaciya tana iya zama 'yar kulob da sunanta, ta yi zaɓe a zaɓe ta, ko sai ta rataya a katin miji? Yara suna da abin yi? A ƙasashe da dama akan fara koya wa yara tuƙi da ƙaramin jirgin nan mai suna Optimist, wanda yaro ɗaya ke sarrafawa har ya kai shekara 15. Kulob ɗin da ke da irin wannan aji yana tunanin gobe.

Ga ɗan Jihar Kaduna, maganar cuɗanya tana da wani nauyi na daban. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, mazauna birnin Kaduna da yawa sun sauya unguwa, har kogin da ya ba garin sunansa ya zama tamkar iyaka: Sabon Tasha da Narayi da Television a wannan ƙetare, Tudun Wada da Rigasa da Kawo a wancan. Yaran da aka haifa bayan haka da dama sun girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Ma'aikatar tarayya tana cikin 'yan wuraren da suka rage da ake haɗa su a ɗaki ɗaya. Jirgin iska na mutum biyu yana da wata ɗabi'a mai kyau a nan: dole ɗaya ya riƙe akala, ɗaya ya ja igiya ya jingina jikinsa waje don kada a kife, kuma babu lokacin tambayar sunan kakan juna. Kulob ɗin da ke haɗa mutane haka ya cancanci kuɗinsa fiye da wanda kowa ke zaune da 'yan garinsu a kusurwa.

Wa ya biya?

Tsofaffin kulob-kulob ba sa karɓar mutum sai wani ɗan kulob ya gabatar da shi, wani ya mara baya, kwamiti ya gana da shi. Bayan nan sai kuɗin shiga, da kuɗin shekara, da harajin gine-gine da kan faɗo ba shiri, da kuɗin ajiye jirgi ga mai shi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, ba kowane mai matakin tsakiya ne zai ɗauki wannan daga albashinsa ba. Nan ne wani mai kirki ke fitowa ya ce a bar masa.

Idan mai kirkin ɗan kwangila ne da fayil ɗinsa ke bi ta teburin ma'aikacin, to maganar ta tashi daga zumunci. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati neman ko karɓar dukiya ko wata alfarma saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa duk kyautar da ta fito daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati za a ɗauke ta a matsayin saɓa doka, sai in an tabbatar da akasin haka. Kyautar dangi da abokai ta al'ada ce kaɗai aka keɓe. Katin kulob da wani ya biya alfarma ce, haka aron jirgi kyauta duk ƙarshen mako, haka man da ake zubawa ba a tambayi kuɗinsa ba. Jadawalin ya kuma hana jami'i shiga ƙungiyar da zama cikinta bai dace da aikinsa ko mutuncin ofishinsa ba, ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata idan ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki. Jirgin ruwa kadara ce kamar mota.

Hadimai sun fi kowa shiga wannan tarko, domin su ne ƙofar maigida, kuma muƙaminsu yana ƙarewa ranar da nasa ya ƙare. Kuɗin shekara kuwa ba ya ƙarewa. Kafin sa hannu, yana da kyau a karanta sashen kundin da ya yi magana kan ficewa, da dakatar da biyan kuɗi ga wanda aka sauya wa wurin aiki zuwa wata jiha.

Idan ruwan gida ake so

Wasu 'yan kudancin Kaduna da ke aiki a Abuja sukan yi tunanin me zai hana a yi irin wannan a gida, tunda ga Gurara a tsakanin garuruwan biyu. Tunanin ba na wofi ba ne, amma hanya ita ce ke fara magana. Mutanen Kujama ba su manta da ranar 5 ga Yulin 2021 ba, lokacin da aka sace ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia. Masu bin jirgin ƙasa ba su manta da harin 28 ga Maris ɗin 2022 ba. Duk wurin shaƙatawar da zai sa mutum ya bar kwalta ya shiga daji, ko ya dawo bayan magariba, sai an auna shi da shawarar jami'an tsaro da ta mutanen ƙauyen da ke kusa, a kuma sake aunawa kowane wata, domin labarin hanya yana sauyawa.

Bayan hanya, sai izini. Gurara madatsar gwamnatin tarayya ce, tana ba da ruwan sha, tana da tashar lantarki mai megawat 30, tana kuma ban ruwan gonakin Azara da Jere. Ruwan da miliyoyin mutane ke sha ba wurin da za a bar injin mai yana ɗigar da baƙin mai ba ne, kuma a nan jirgin iska da kwale-kwale suke da hujjar da jirgin inji ba shi da ita. Masu wannan buri za su bukaci rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, da amincewar ma'aikatar da ke kula da madatsar, da rajistar jirage a NIWA, da yardar hakimi da Sarkin Ruwa.

Jerin sayayyar farko ba ta da tsawo: kwale-kwale biyu masu ƙarko, rigunan kariya ashirin, igiya, akwatin magani, littafin rubuta masu fita, da albashin masunci ɗaya da zai koya wa 'ya'yan 'yan ƙungiyar iyo a lokacin hutun makaranta. Ginin falo yana iya jira zuwa shekara ta uku.